Kabari Mai Kallon Teku

Dajin Madagaskar,
watan Yuni.

Zuwa ga tobashiyata Radiya, madam ɗin kwalejin Belbeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Ina Gwaggo Husaina da ciwon ƙafa? Ki gaishe ta ki ƙara, ki ce mata autanta Ɗan Azumi yana nan garau, har ya yi kumatu. Ina maigidanki da yara? Ruwa ya sauka a Tarka, ko har yanzu ana kallon sama?

To Madam, ga mu a ƙasar da kika ce ko sunan birninta ba za mu iya faɗa ba. Gaskiyarki. Sunan ya fi igiyar rijiyar Tenhiya tsawo, wai Antananaribo, su kansu masu garin gajarta shi suke yi su ce Tana. Daga Yamai jirgi ya kai mu Habasha, daga can muka sake wani. Ni dai ido na rufe ina ta hailala, amma ƙanenki ya manne wa taga. Ya hango wani dutse mai farin kai ya huda gajimare, ya dinga zungurina wai ga Kilimanjaron da Yaya Radiya ke koya wa yara. Na ce ko kakan Kilimanjaro ne, a bar ni in taka ƙasa tukuna.

Alhaji Mato, mutumin Damagaram da ya ɗauko mu, ya zauna a Tuliyar, wani gari a bakin teku, yana sayen duwatsu. Mu kuwa daji aka kawo mu, tafiya mai nisa a mota, sai an haye wani babban kogi. Aikin dai namu ne na gado, haƙa. A gida ruwa muke nema, a nan kuwa wani ɗan dutse shuɗi da suke kira safir, wanda sau da yawa bai kai ƙwayar gujiya ba. Da suka ga yadda muke sauka rami sai suka riƙe baki. Na ce musu wanda ya haƙa rijiya a Damargu, wannan ai wasan yara ne.

Ƙasar ja ce wur. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, na yi mafarkin fura har na gaji. Shanunsu masu tozo ne irin namu. Akwai kuka ma, sai dai tasu doguwa ce sambal, rassan sai can ƙoli. Akwai kuma wata dabba, ita ba biri ba ita ba mussa ba, wutsiyarta zobe-zobe fari da baƙi. Mutanen ƙauyen da ke kusa da mu ba Musulmi ba ne, amma suna da kirki, da ɗan faransancina na firamare muke lallaɓawa. Salla mu biyu muke yi, ni liman Ɗan Azumi mamu.

Abu biyu nake so ki warware mini, tunda an ce gomnati na biyan ki don sanin duniya. Sanyi ake yi a nan kamar na Janairu, alhali a gida lokacin shuka ne. Sannan tauraron nan na arewa da Buzaye ke bi in suna tafiyar dare, na neme shi sama da ƙasa na rasa. Ko mutanen nan sun sayar da shi ne? In iliminki bai kai nan ba ki faɗa, ba zan gaya wa kowa ba.

Babu rezon waya a inda muke. Direban da ke kawo mana shinkafa zai kai wa Alhaji takardar nan, shi kuma ya ɗauki hotonta ya turo miki a waya. Ki ba da amsa ta hanyarsa, zai buga a takarda ya aiko mana.

Ni ne ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Habibu.

Belbeji,
watan Agusta.

Zuwa ga Habibu gafiya, sarkin rami.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Na karanta wa Inna, ta sa na yi ta maimaita mata wurin kumatun nan har ta yi dariya. Ƙafar da sauƙi. Ruwa ya yi jinkiri amma ya zo, gero ya kai ƙugu, Fulani sun haura arewa da dabbobi. Ina ƙauye wurinta tunda muna bakansi, an rufe makaranta, shi ya sa amsa ta daɗe, sai da na shigo Belbeji na sami rezo.

Ubangidan wa? Mutumin da ya rufe ido a jirgi? Zauna in koya maka abin da ka gudu ka bari a lakwal, makarantar bokon da ka raina. Duniya dunƙulalliya ce, ka ɗauka ƙwarya biyu ce aka kife ɗaya a kan ɗaya. Inda bakinsu ya haɗu shi ne layin da muke kira ekwatar. Mu muna ƙwaryar sama, ku kun faɗa ta ƙasa. Shi ya sa lokutanmu suka saɓa. Daminarmu ita ce sanyinku, lokacin da za mu yi rawar ɗari a Janairu ku kuna cikin zafi da ruwa. Tauraron kuma ba wanda ya sayar, ƙugun duniya ne ya tare maka shi.

Ka kuma san ba a kan ƙaramin abu kake zaune ba. Tsibirai uku kaɗai suka fi naku girma a duniya: Girinlan, Sabuwar Gini da Borneyo. Ya kusa rabin Nijar. Tsakaninku da Afirka akwai mashigin tekun Mozambik, a can kogin Zambezi yake zuba ruwansa. A arewacin tsibirin akwai kogin Betsiboka, an ce ruwansa ja ne saboda ƙasar da yake kwasowa. Dabbar da ka gani sunanta lemur, ba a samunta a dajin Afirka. In an koma aji zan nuna wa yara wurin a taswira in ce ina da tobashi a can, yana cikin rami bai san inda yake ba.

Yanzu wasa ya ƙare. Habibu, har yau ban huce ba. Autan Inna ka ɗauka. Na san za ka ce shi ya nace, kuma na yarda. Tun yana ɗan ƙarami nake shimfiɗa masa taswira a tabarma ina kiran koguna, Nil, Kwango, Amazon, yana haddacewa kamar karatun allo. To amma haddar suna daban, ƙetare teku daban. Ranar da za ku tafi Inna ta ce maka amana ce, a gabana ta faɗa. Ruwanku zai sauka wajen Nuwamba, kuma ƙasar akwai sauro. Ku riƙa kwana cikin sange, kada sauron ya cije ku. In ƙasa ta jiƙe ku bar rami, dutse bai kai rai ba.

Ka ce wa malalacin nan ya rubuto mana da hannunsa. Inna na gaishe ku, tana sa muku albarka kullum bayan asuba.

Uwar ɗakinka,
Radiya.

Tuliyar,
watan Disamba.

Radiya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Alhaji ya riga ya buga waya ya sanar da ku. Ya miƙo mini wayar, na mayar masa da ita. Abin da na kasa faɗa shi zan rubuta, ki karanta wa Gwaggo iya abin da kika ga za ta iya ɗauka. Ya haƙuri. Allah ya jiƙan Ɗan Azumi, ya sa ya huta.

Ba rami ba ne. Na bi maganarki, ruwa na sauka muka ajiye dagi, muka tashi daga bakin ramuka muka koma kan tudu kusa da ƙauyen. Zazzaɓi ne ya kama shi. Muka ce na sauro ne zai wuce, na ba shi ƙwayoyin da muka zo da su. Kogin nan ya cika ya batse, mota ba ta iya hayewa, likita kuwa yana can ƙetare. Matan ƙauyen sun kawo saiwoyi sun dafa masa. Ya ɗan farfaɗo har ya sha ruwan shinkafa, yana cewa in mun koma Tuliyar zai ɗebo miki ruwan teku a kwalba ki ɗanɗana wa ƴan ajinki, su yarda da gishiri a ciki. Daga nan jikin ya rikice. Bayan la'asar ya cika, a kan cinyata, da kalmar shahada a bakinsa.

Ga abin da nake so Gwaggo ta ji da kyau, don shi kaɗai ya rage mini in ba ta.

Ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ni na yi masa wanka yadda na ga ana yi a gida. Farin yadin da na saya zan naɗa rawani da salla, da shi na yi masa likkafani. Na tsaya ni kaɗai na yi masa salla, mutanen ƙauyen suna can baya sun cire huluna sun yi tsit. Da na zo haƙa kabari sai ga hadari ya rufe sama ruf, ga shi sabon wuri ne ban gama sanin kusurwoyinsa ba. Na ce wallahi ba zan haƙa da ka ba. Na zauna da shi har gari ya waye, rana ta ɓullo na gan ta da idona, sannan na ja layi a ƙasa. Na haƙa uwar kabarin, na haƙa ƴar a cikinta. Rijiyoyin da na haƙa a rayuwata ban san iyakarsu ba, amma ban taɓa gyara bangon rami kamar wannan ba. Na kwantar da shi a kan hannun dama, kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas sak. Na jera itace, na sa ciyawa, na shafe da laka, na mai da ƙasa.

Mutanen nan ba su wasa da kabari. Su suka yi ta jido duwatsu aka kewaye shi, dattijonsu ya nuna mini cewa ba mai haƙa kusa da wurin.

Da ruwa ya ɗan ja direba ya zo ya ɗauke ni. Ina nan wurin Alhaji, ya yanka mana biye na jirgin watan Fabrairu, ni da shi. An ba ni amana ban dawo da ita ba, wannan zan mutu da shi. Amma ki ce wa Gwaggo ɗanta yana kwance yadda kakanninsa suke kwance a Tarka, ba a rage masa komai ba. In na zo zan durƙusa a gabanta, ta yi mini abin da ta ga dama.

Habibu.

Belbeji,
farkon Janairu.

Habibu,

Salamu alaikum. Ya haƙurinmu. An yi zaman makoki, an yi sadaka, ƴan uwa sun zo daga Tanut da Tenhiya har da Damagaram. Kowa na gaishe ka.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abinci ne dai ta daina ci. Tambaya ɗaya ta riƙa yi: a ƙasar da ba Musulmi, an sami wanda ya kallar da shi alƙibla? Da takardarka ta zo na karanta mata wurin kabarin. Ta ɗaga hannu ta ce alhamdu lillahi, ranar ta sha fura. Tun daga nan duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ba shi labari, wai Habibu har rana ya jira don kada ya kuskure.

Ni ma da na karanta ban ga komai ba, hawaye ya rufe mini ido. Sai da na koma aji. Ina koyar da nahiyar Asiya, wata yarinya ta ce Madam, nuna mana Makka. Na ɗora yatsa a kan Makka. Ɗaya hannun, ban san lokacin da ya tafi kan tsibirinku ba, don haka yake yi mini tun da abin nan ya faru. Na tsaya ina kallon hannuwana biyu. Yara suna ta kirana ban ji su ba.

Habibu, Makka ba gabas take da ku ba.

Mu a Damargu Makka tana gabas da mu, shi ya sa muka tashi muka ga iyayenmu na kallon mafitar rana. Ku kuwa kun yi gabas har kun ɗan wuce ta, kuka gangara kudu nesa. Daga inda kuke, alƙibla arewa ce, har da ɗan karkata yamma. Gabas da wannan tudu babu komai sai ruwa. Tekun Indiya ne, da ƴan tsibirai, daga nan sai Ostareliya. Teku ka kallar da ƙanena.

Watanni kuna salla haka, kai liman. Ba ka tambayi kowa ba? A Tuliyar ba masallaci ne? Ka iya tambayar tauraro da sanyi don ka yi mini ba'a, amma inda za ka sa goshinka ba ka tambaya ba. Ka ɗauke shi da ransa ka kasa tsare shi, ya mutu ka kasa kwantar da shi. Yanzu ga Inna tana gode wa Allah a kan abin da bai faru ba, ni kuma ina zaune ina jin ta, ban isa in ce uffan ba. Ka ce za ka zo ka durƙusa. In ta dube ka ta ce, Habibu, da gaske ka kallar da shi alƙibla? Da wane ido za ka dube ta, kuma me za ka ce?

Ban da abin da zan ƙara.

Radiya.

Belbeji,
ƙarshen Janairu.

Tobashina Habibu,

Salamu alaikum. Ina kwananka, ina jiki, ina zaman baƙunta? Allah ya sa takardar nan ta riske ka cikin lafiya. Inna tana nan da sauƙi, tana ƙirga ranar zuwanku.

Don Allah, don Annabi, ka yaga waccan takardar. Da zafin zuciya na rubuta ta, ina fitowa daga aji, ko gida ban shiga ba na tura. Da na kwana da ita da ban aika ba. Na so in biyo ta da wata nan da nan, girman kai ya riƙe ni, daga baya kuma rezo ya ɗauke mana kwana da kwanaki.

Maigidana ya gan ni ina ramewa, ya tsare ni sai da na faɗa masa. Ya ɗauke ni muka je Tanut wurin Malam Salisu, wanda ake kai wa fatawa. Na zayyana masa komai. Ya ce in da an gane kuskuren nan take, kafin a watse daga maƙabarta, sai a gyara. Amma tunda kwanaki sun shuɗe, ba a tone mamaci don wannan, mutuncinsa ya fi. Ya ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya nemi alƙibla ya kuskure ba shi da laifi, sallolinku ma suna nan ba su faɗi ba. Gabas da yamma duk na Allah ne. Ya ce mutumin da ya zauna da gawa yana jiran rana don kada ya cuci ɗan uwansa, lada yake da shi.

Sai ya juyo ya ce, ke Malama, tunda kin san taswira haka, da za su tafi kin gaya musu?

Habibu, na rasa inda zan sa kaina. Ka tambaye ni inda kuke, na ba ka Girinlan da Borneyo, na ba ka kogi mai jan ruwa da sunan dabba. Abu guda da zai amfane ku sau biyar kowace rana bai ko zo mini a rai ba. Shekara da shekaru ina tsaye gaban taswirar nan, in fito in shimfiɗa darduma in kalli gabas, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Da ni ce a kan tudun nan, abin da ka yi shi zan yi, in ma na iya. Na rasa ƙane, na nemi wanda zan ɗora wa, na same ka kusa.

Ka yafe mini. Inna ba ta san komai ba, kuma ba sai ta sani ba. Ka hau jirgin nan ka dawo gida. Na sa an ajiye maka gero mai kyau, furar da kake mafarki ni zan dama maka da hannuna.

Taka,
Radiya.

Tuliyar,
tsakiyar Janairu.

Radiya,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Gwaggo da yara. Wannan takardar ba ta waya za ta zo miki ba. Na roƙi Alhaji ya riƙe ta, in na dawo kafin ranar jirgi in karɓe abata, in ban dawo ba ya kawo miki da hannu.

Na sami taki mai maganar alƙibla. Na karanta, na sake karantawa. Da farko na ce ƙaryar boko ce. Akwai masallaci a nan, tun da na zo a cikinsa nake salla, sahu kawai nake bi, cikin gari ban taɓa lura da inda rana take ba. Washegari bayan asuba na fito na tsaya a waje, na fuskanci inda liman ke fuskanta, na jira. Rana ta fito mini ta hannun dama. Na zauna a ƙasa.

Ban ji haushinki ba. Gaskiya ɗaci gare ta, kuma gara da na ji daga bakinki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na cika baki a waccan takardar, har ina cewa ba a rage masa komai ba.

Alhaji ya ce in bari, Allah niyya yake dubawa. Mai yiwuwa haka ne. Amma ba Alhaji Gwaggo za ta tambaya ba, ni za ta tambaya. In na ce mata e, na yi wa uwa ƙarya a kan gawar ɗanta. In na ce a'a, na ƙwace mata ɗan abin da take riƙe da shi. Kin tambaye ni da wane ido zan dube ta, na nema ban samu ba. A sana'armu in rijiya ta karkace ba a barin ta a ce Allah ya san niyya, komawa ake yi a gyara.

Saboda haka zan koma. Zan roƙi dattijon ƙauyen ya bar ni, in haƙa sabo a gefe, kai gabas, fuska arewa kamar yadda kika ce, in mai da shi. Na san abin da zan tarar, kuma na ɗaure zuciyata. An ce lokacin guguwar teku ne, mota iyakarta bakin kogi, amma akwai masu kwalekwale. In Allah ya yarda zan dawo kafin jirgi, in zo in dubi Gwaggo in ce mata e da gaskiyata.

Jakar Ɗan Azumi tana wurin Alhaji. Akwai rigarsa, da carbi, da wani ɗan dutse da ya ɓoye ya ce na Inna ne.

Wannan karon kin ci ni, Madam. Ki yi mini addu'a.

Habibu.

Belbeji,
watan Afrilu.

Habibu, ɗan uwana,

Salamu alaikum. Ban san ko ina wannan gaisuwa za ta same ka ba, ban ma san ko za ta same ka ba. Muna nan cikin zafi, rijiyoyi sun ja baya, yara lafiya.

Alhaji Mato ya dawo shi kaɗai. Ya zo har Belbeji ya miƙo mini jaka da takardarka. Ya ce tawa ta ban haƙuri ta shigo wayarsa bayan ka riga ka tafi, bai gaya mana ba don yana sa ran dawowarka, ba ya so ya tayar da hankalin masu makoki. Ya ce direba ya sauke ka a bakin kogi, ya ga ka shiga kwalekwale, ya ga kun kai ƙetare. Bayan nan guguwar ta faɗo, ta ɗauke hanya. Ya jira har ranar jirgi, ya bar saƙo a masallaci, ya taho. Daga can ƙauyen ba wanda ya fito da labari. Alhaji zai koma in ƙasa ta bushe, shi zan ba wannan, ya yi mini alkawarin zai sa a kai ta har kan tudun.

Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar gida. Abin da na ji ba zan iya rubuta shi ba. Kullum in na shiga aji taswirar nan tana rataye, na kasa juya mata fuska, ta baya nake nuna wa yara.

Na kai wa Inna jakar. Ta shinshina rigar, ta ɗaure dutsen a bakin zanenta. Sai ta ce, ina Habibun? Na ce aiki ya riƙe ka. Ta ce Habibu ba zai aiko da jaka ya tsaya aiki ba, ki gaya mini gaskiya. Na gaya mata. Tun daga yatsana a kan Makka, har abin da na rubuta maka, har abin da Malam Salisu ya ce, ban rage ko ɗaya ba. Na zaci za ta faɗi, na riga na matso in tare ta.

Ba ta faɗi ba, ta dube ni. Sannan ta ce, ke wa ya aike ki?

Ta ce, ni da ban taɓa wuce Tanut ba, gabas na sani, gabas na tambaya, gabas aka ba ni. Allahn da ya kai yaron nan bayan teku shi ne zai rasa inda fuskarsa take? Ɗaya ƙasa ta karɓa, wannan hukuncin Allah ne, na haƙura. Ɗayan kuwa ke kika kore shi da alƙalami.

Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa yi mini magana irin wannan ba.

Habibu, in ka buɗe kabarin ka gyara, Allah ya ba ka lada. In sun hana ka, ko zuciyarka ta kasa, ka bar shi yadda yake. Kada kunya ta riƙe ka a can. Ba wanda zai tuhume ka a Tarka, ni da na fara na ga abin da ya jawo.

Da zan taho Inna ta kira ni, ta ce in rubuta maka wannan da kalmominta. Ta ce ka zo. Ba za ta tambaye ka ina ya kalla ba. Ta ce tsufa ya kama ta, ba ta da lokaci mai yawa na jira, kuma abu ɗaya take son ji: da jikin ya yi tsanani, ko yaron ya kira ta?

Na duba takardarka, ba ka faɗa ba. Kuma duk duniya ba wanda ya sani sai kai.

Radiya.